Sashe Biyar, Suna Huɗu

Ku da kuka shigo aikin awo da na'ura a hannu, kullum ina jin ku a bakin shago kuna cewa wai me ke cikin sana'ar nan, ka tsaya a kusurwa huɗu ka danna, tauraron ɗan Adam ya gaya maka inda kake, ka koma ofis ka buga. Ni ban ƙi na'urarku ba. Da na same ta ina da ƙuruciya, da gwiwoyin nan nawa ba su lalace haka ba. Amma gidan cikin birni ba shi da kusurwa huɗu, wani in ka fara ƙirga kusurwoyinsa sai ka gaji ka bari, kuma rabin aikin ba a ƙasa yake ba, yana bakin mutanen gidan. Ku gyara zama in gaya muku yadda wani dattijo mai farin gemu ya kusa tashi babu ko taku ɗaya a gidan kakansa, alhali babu wanda ya ƙi shi, babu kuma wanda ya yi niyyar cutarsa.

Aikin ya zo mini ne ta hannun wata malamar asibiti mai suna Binta, auta a gidansu da ke Limancin Kona. Lokacin ana ta kiran masu tsofaffin takardun gida su kai a sabunta musu. Ta zo da tasu a nannaɗe cikin leda. Gidan na mahaifiyarsu ne, Hajiya Kulu, shi ne rabon da ya faɗo mata a gadon mahaifinta. Shekarun baya ta kyautar da shi ga 'ya'yanta tun tana da ranta, aka rubuta, shaidu suka sa hannu. Sunaye huɗu ne a takardar: Nura, Sani, Rabi, sai Binta. Nawa shi ne in auna gidan, in zana shi, in haɗa zanen da takardar kyauta, in kai wa safiyo, wato babban mai awon da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya buga hatimi, daga nan sai ofishin ƙasa. Kuma kun sani, in sabuwar takarda ta riga ta fito, kafin a taɓa harafi ɗaya a cikinta sai mutum ya ga furfura.

Na tafi da hantsi da jakata. Bari ku ji abin da ke cikinta, tunda na ga taku babu komai sai caja. Akwai tef na ƙarfe, don na zare ban yarda da shi ba, da ya sha raɓa sai ya fara yi maka ƙari. Akwai turakun ƙarfe da guduma da alli. Akwai igiya mai dalma a baki, saboda katangar ƙasa gindinta ya fi kanta kauri, in ka auna ta sama ka ƙwace wa mai gida, in ka auna ta ƙasa maƙwabci ya ce ka shiga masa, sai ka saki dalmar ta nuna maka tsakiya. Akwai doguwar gora ta ɗaga tef sama da tukwane da turken awaki. Sai goro, fari da ja, a ƙunshe cikin ganye. Kada ku yi dariya, goron nan ya buɗe mini ƙofofin da takardar ofis ba ta buɗe ba.

A wurin Malam Ɗanjuma na Ƙofar Kuyambana na koyi aikin, Allah ya jiƙansa. Mutum ne gajere mai faɗa, in yana karanta tef ko tari ka yi sai ya sake daga farko. Na daɗe a hannunsa ban taɓa riƙe komai ba sai bakin tef, ina tsugune a gindin katanga, kaji suna tsattsagar yatsuna. Abin da ya fi tsananta mini a kai kuwa ba lissafi ba ne. Kafin a warware tef, sai ya sa na zagaya gidan na ƙirgo ƙofofi da murhu da randunan ruwa, in zo in gaya masa, shi kuma ya kwatanta da sunayen da aka ba mu. Yakan ce da ni, “Iro, surutunka da tambayarka sun ishe ni, amma a wannan aikin kaɗai za su yi maka rana.” To, ni dama haka Allah ya yi ni, in na ga abin da ban gane ba sai bakina ya yi ta ƙaiƙayi.

Da na zagaya gidan Hajiya Kulu sai na samu sashe biyar. Uku a rufe suke, don masu su suna Legas da Kaduna da gidan aure, ka ga yanar gizo a ƙofa, awaki sun mayar da gindin bango wurin kwana. Ɗaya shi ne na Binta, a nan tsohuwar take zaune tare da ita. Na biyar yana kusa da rijiya, shi ma a kulle, amma an share gabansa tas har ana ganin sawun tsintsiya. Yaɓensa sabo ne, indararonsa sabo, ga randa a bakin ƙofa. Na ɗaga murfin, ruwa ne cike, mai sanyi, ba na jiya ba.

Wanda bai ga shekarar ruwan nan ba ba zai gane abin da ya sa na tsaya a gaban ɗakin ba. Wata damina ce ina tsakiyar ƙarfina, ruwa ya sauka ya ƙi ɗaukewa, katangun cikin birni suka yi ta zama ɗaya bayan ɗaya. Sai ka shiga lungu ka ga gida uku sun koma fili ɗaya, tukunyar wannan a tsakar gidan wancan. Kowa ya ce shekarar masu awo ce ta zo. Ina fa. Iyakar da za ka auna ta narke ta bi kwata, kowa kuma yana rantsuwa katangarsa ta fi nan gaba. Duk inda ka kafa turke ka yi maƙiyi. An cire mini turaku, an tsinka mini tef, wata tsohuwa ta watsa mini ruwan wanke-wanke. Malam Ɗanjuma ya ajiye aikin a shekarar bai sake komawa ba, ni kuma na koma ƙauye na yi noman albasa har ƙura ta lafa. Abin da na fito da shi daga shekarar shi ne, ɗakin ƙasa ba ya tsayuwa don kansa. In ka gan shi tsaye garau, akwai wanda ke kiran magini duk kafin damina.

Na ce da Binta, “Malama, wannan sashen na wane ne?”

“Na Yaya ne.”

“Wane Yayan? Nura ko Sani?”

“A'a, babban Yayanmu.” Sai ta dubi ledar da ke hannuna, ta kawar da kai.

Na nemi a yi mini iso wurin tsohuwar. Na same ta a bakin ƙofarta kan buzu, 'yar siririya, tana tsince shinkafa a faranti ba tare da tabarau ba. Na tsuguna na gaishe ta, na ajiye goro, ta ɗauki farin ta sa a bakin zane.

“Hajiya, 'ya'ya nawa Allah ya ba ki?”

“Kai mai awo, gida aka ce ka auna ko mutane?”

“Duka biyun, Hajiya. Haka aka koya mini.”

Ta yi 'yar dariya, ta lissafo mini huɗun nan da ke takarda, ba ta yi tuntuɓe ba. Na ce to wancan sashen na bakin rijiya fa? Sai ta juya tana korar kazar da ba ta yi mata komai ba.

“Na mutanen Tukur-Tukur ne,” in ji ta, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

A zaure Binta ta warware mini. Ashe Hajiya tana da ɗan fari, Malam Shu'aibu, tela ne a unguwar Tukur-Tukur. Da aka yaye shi sai ƙanen mahaifinsa ya ɗauke shi riƙo, a can ya girma. Ga shi ɗan fari, ga shi kuma sunan mahaifin Hajiyar aka sa masa, kunya ta zama biyu. Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba, matanku suna haihuwar fari su ɗauke shi hoto su sa a waya duniya ta gani. Iyayenmu kuwa, mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in an tambaye ta 'ya'yanta ba ta sa shi a lissafi. Wasu da shekaru suka ja sai su sassauta. Hajiya Kulu ba ta sassauta ba.

“Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba,” in ji Binta. “Duk Juma'a yana zuwa gaisuwa, ya tsuguna daga bayan labule, ta amsa kamar da bango take magana. Ɗakin nan kuwa ita ke sa a yaɓe shi, ita ke sa in canza ruwan randar kullum.”

Na ce to ranar da aka rubuta takardar, ku kuna ina?

“Muna nan. Wani saurayi ne ya rubuta, baƙo ne a garin. Ya ce ta faɗi sunayen 'ya'yanta, ta faɗa, ya rubuta abin da ya ji. Mu kuma muka zaci sun yi wata magana tsakaninsu da Yaya, ko ta ba shi wani abu daban. Wa zai tari Inna da maganarsa? Tashi za ta yi ta bar maka wurin.”

Na ga masu gida iri-iri a aikin nan. Na ga mai bin tef yana tura turke da ƙafa in ka juya baya. Na ga mai cika ka da fura tun kafin ka buɗe jaka, don hannunka ya yi masa nauyi ta gefensa. Na ga mai cewa tun kakan kakansa iyakar tana gindin wata bishiyar da babu wanda ya taɓa ganinta. Duk waɗannan na san maganinsu, ƙari suke nema. Amma gidan da kowa ke son mutum, kuma kowa ya taru aka bar shi a waje, ban taɓa gani ba sai ranar. Na bar tef ɗina a naɗe ban auna ko bango ɗaya ba, na hau mashin sai Tukur-Tukur.

Na same shi a wani zauren haya, a kan keken ɗinki irin na ƙafa, yana kafa aljihun wata riga. Dattijo ne dogo, ya girme ni, kuma hancinsa da goshinsa na tsohuwar ne sak. Da na gaya masa abin da ya kawo ni bai tsayar da keken ba sai da ya kai ƙarshen layin.

“Na san da takardar,” ya ce. “Tun ranar da aka yi ta na sani.”

“Ba ka ce komai ba, Malam?”

“In ce me? Kayanta ne, ta ba waɗanda ta raina da hannunta. Ni ban zauna da ita ba. Wataƙila a wurinta ni ɗan wancan gidan ne.” Ya ciji zare ya tofar. “Ba na jin haushi. Abin dai yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba.”

A bakin maƙwabcinsa mai shayi na ji sauran. Mai gidan da yake haya ya rasu, magada sun ce ya nemi wuri kafin damina, ga iyali. Bai gaya wa ko ɗaya cikin ƙannensa ba. Na koma na tambaye shi ko ya san ɗakin bakin rijiya. Ya ce ya sani mana, yana ganinsa duk Juma'a, ai ɗakin baƙi ne.

Washegari na koma wurin Hajiya, na ce Binta ta zauna kusa. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce, Hajiya, gidan nan kin riga kin kyautar, ya fita daga hannunki, ranar da Allah ya yi ikonsa ba za a raba shi gado ba. Na huɗun nan ne, su da 'ya'yansu. Mutanen Tukur-Tukur ba su da ko bakin rijiyar nan, sai dai in an ga dama a ba su aro.

Farantin ya karkace a cinyarta, shinkafa ta zube, kaji suka yo caa, ba ta ko kore su ba.

“Wa ya ce?”

“Takarda ce ta ce, Hajiya.”

“To shi sai an faɗa? Akwai wanda bai sani ba a unguwar nan? Shi ne fa babba. Na ɗauka ƙananan ake rubutawa don kada a manta da su. Yaron nan mai rubutun ya zaunar da ni gaban liman da mai unguwa, maza cike da tsakar gida, ya ce in lissafo. Ni in buɗe baki in kama sunan nan a gabansu?”

Ta juya wajen Binta. “Shi ya san da wannan?”

“Ya sani, Inna. Tun tuni.”

Wallahi tausayinta ya kama ni, har na yi da-na-sanin rashin sassauta maganar. Can ta ce, “Mai awo, gyara. Ko me ake yi, a yi yau.”

Irin wannan ba a yin sa a yini ɗaya, kun sani. Tunda kyauta ta riga ta shiga hannun mutum huɗu, sai huɗun sun yarda kafin a shigar da na biyar, a sake sabuwar takarda gaban shaidu. Sani da Rabi ko gardama ba su yi ba, Rabi ma kuka ta fashe da shi a waya. Alhaji Nura na Legas shi ne ya kawo sharaɗi, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce shi bai ƙi ba, Yaya ubansu ne. Amma Inna ce ta faɗi sunaye huɗu da bakinta gaban shaidu, to ita ce za ta faɗi na biyar da bakinta gaban shaidu, yana ji. In ba haka ba, wata rana bayan duk sun kau, 'ya'yansa za su ce Binta da wani mai awo ne suka haɗa baki suka dangwala yatsan tsohuwa. Na san irin wannan shari'ar, na sha tsayawa shaida a kanta. Hajiya ta nemi a bar Binta ta faɗa ita kuma ta gyaɗa kai, aka ce ba a jin gyaɗa kai a waya. Ta ce to a ce babban, aka ce Nura ma babba ne a waccan takardar.

Ran da aka sa, da hantsi, aka shimfiɗa tabarmi a inuwar katangar ɗakinta. Ga liman, ga mai unguwa, ga Sani da Rabi sun zo, Binta tana riƙe da waya an buɗe murya Alhaji Nura yana saurare. Ni ina gefe da biro da tawadar dangwale, na riga na gama awona na zana sashe biyar. Malam Shu'aibu ya zo cikin farar riga, amma ya ƙi wuce zaure. Ya ce ba zai tsaya a kanta ana matsa mata saboda shi ba, in ta kasa a ƙyale ta, shi ya yafe.

Liman ya yi addu'a, ya ce Hajiya ta faɗi waɗanda ta ba gidanta. Ta ja mayafi ta rufe har goshi. Ta faro daga ƙasa.

“Binta. Rabi. Sani. Nura.”

Sai ta tsaya. Muka jira. Ta nemi ruwa, aka ba ta, ta kurɓa ta ajiye. Leɓenta yana motsi amma babu abin da ke fita. Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, ni kuma na ƙura wa bakin birona ido kamar ban taɓa ganinsa ba.

“Hajiya,” in ji liman a hankali, “babu laifi a addini uwa ta kama sunan ɗanta.”

“Na sani, Malam. Bakin ne bai saba ba.”

Ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta ja numfashi. Ni na zaci raɗa za ta yi, har na matso da kunne. Ashe wanda bai taɓa faɗin suna ba bai san yadda ake auna shi ba. Sai ya fito mata da ƙarfi, a jaye, irin yadda mata ke kiran yaro in ya yi nisa a lungu.

“Shu'aibu!”

“Na'am, Inna,” aka amsa daga zaure, tun kafin ta rufe baki.

Sai ga shi ya shigo da sauri babu takalmi, ƙafa ɗaya da safa, dattijo da jikoki. Ya zo tsakiyar gida ya ci birki, don sai a lokacin ya tuna ba aike aka kira shi ba. Ya tsaya nan cikin rana, ya kasa gaba ya kasa baya. Daga cikin waya muka ji Alhaji Nura ya share murya ya ce, “Na ji. Malam Iro, a sa sunan Yaya a farko.”

Na sunkuya na rubuta. Da na ɗago, tsohuwar ta janye mayafin daga fuskarta, tana kallonsa, shi kansa, ba bango ba.

“Matso inuwa,” ta ce da shi. “Rana na dukanka.”